Jan Farce a Kan Noti

Da igiya aka jawo ta.

Motar Baba, wadda na yi wata da watanni ina haɗa injinta da hannuna, ita ce aka shigo da ita gareji a bayan wata tsohuwar akori-kura, baƙin mai yana ɗiga daga ƙarƙashinta. Ban san lokacin da sifanar hannuna ta faɗi ba.

Yayana ya fito daga ciki yana huci, ya buga ƙofa.

"Ga aikin saurayinki nan, Auta. Ko bakin gari ban kai ba injin ya buga."

"Yaya, wa ya ce ka fita da ita? Sabon haɗi ne fa, ban ce a taka ta ba tukuna..."

"Au, ni ne ma mai laifin?"

Idona yana kan Malam Awo, wanda ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

Shi ne mai injin yankan ƙarfe a ƙarshen layinmu. Shi yake faɗaɗa ramin silinda, ya goge kiranki, sandar da fistin ke juyawa, ya daidaita fuskar tof, wato murfin inji, idan zafi ya lanƙwasa ta. Ni na sa masa Malam Awo, don ko shayi aka zuba masa sai ya ɗaga kofin ya duba inda ya tsaya. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, kuma ina son sa har ban san yadda zan yi da raina ba.

Ranar da ya zo gaida Baba da maganata, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tunda idonsa ya yi rauni ya daina riƙe sifana, amma garejin nasa ne, kuma har gobe da aiki yake auna mutum.

"Ban san ka ba," in ji shi, "amma zan san ka. Ga motata can a ƙarƙashin tamfol, mai turbo ce, ta daɗe ba ta yi tari ba. Auta za ta sauke injin, kai ka yi aikin ƙarfen. In ta tashi lafiya, ka turo manyanka."

To ga ta nan ta dawo a ƙarshen igiya.

Kafin kowa ya sake magana, turare ya shigo, mai turaren yana biye. Dillali ne, mai shagon kayan gyara a bakin titi, abokin Yaya. Ya daɗe yana aiko mini da gaisuwa ina mayar masa da ita ko buɗewa ban yi ba. Ya leƙa ƙarƙashin motar yana tattare rigarsa, ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Sannu Baba. Ai tun farko na faɗa. Ramin silinda ya matse, fistin ya kama. Laifin mai awo ne, ba na ƙanwata ba."

"Ni ba ƙanwarka ba ce," na ce.

"Auta," in ji Baba daga kan bencinsa.

Malam Awo ya matso, ya durƙusa.

"Baba, a ba ni dama in ga cikinsa..."

"Motar nan da ita na ɗauko mahaifiyarsu ranar da na aure ta," in ji Baba, muryarsa a ƙasa. "Da ita na kai ta asibiti tafiyar da ba ta dawo ba. Na damƙa maka, ka dawo mini da ita tana zubar da mai. Tashi ka tafi, yaro. Kar ka ƙara tako ƙofar garejin nan, kar ka tako ta gidana."

Malam Awo ya miƙe a hankali. Bai kalli kowa ba ya fita.

Na bi shi da gudu har bakin titi, hannuna duk baƙin mai.

"Tsaya mana... don Allah ka tsaya."

Ya tsaya.

"Zuciyata, ki koma ciki. Kar ki ƙara ɓata masa rai."

"Tambaya ɗaya zan yi maka." Na goge hannuna da tsumma. "Ka tabbata awon nan... daidai ne?"

Ya juyo ya kalle ni. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi a kan kallon nan.

"Har ke?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"A gabanki na auna. Ke kika riƙe fitila."

"Na sani, amma..."

"To shi ke nan."

Ya tafi. Na tsaya a titi ina kuka kamar yarinya, masu wucewa suna kallon bakanikiya tana share hawaye da tsumman mai.

*

Yaya ya ce a bar injin, Dillali zai kawo wani na hannu daga shagonsa. Har kyauta ma ya ce zai bayar, saboda mutunci. Na san irin mutuncin, kuma na san wadda za ta biya shi.

Da safe na riga kowa zuwa gareji. Na ɗaure kaina, na naɗe hannun riga, na sauke injin.

Ina kwancewa ina tuna rigimar da aka yi kafin mu fara aikin. Dillali ya kawo wani ƙaton turbo, na'urar da ke ɗura wa inji iska, a kwali, ya ce a ɗora shi, motar za ta dinga tashi sama. Yaya har rawa yake yi. Malam Awo ya shafa cikin bulok, wato gangar jikin injin, ya ce a'a, bangon silinda ya tsufa, kaɗan kawai zai faɗaɗa, kuma turbon asali ya ishe ta. Dillali ya yi dariya ya ce wasu mazan tsoron gudu suke yi. Malam Awo ya ci gaba da awonsa.

Na ɗaga tof. Na zaro fistin ɗaya bayan ɗaya.

Na ukun ne ya mutu.

Na goge shi, na kai shi bakin taga. Gefensa sumul, ko ƙarzane babu. Samansa kuwa ya narke, ya huje, kamar an ɗiga masa wuta.

Na sake juya shi don in tabbata.

Fistin da ya matse a rami, gefensa ne yake gogewa. Wanda ya narke ta sama, zafi ne ya ci shi, kuma zafin nan daga turbo yake zuwa idan ya ɗura wa injin iska fiye da ƙarfinsa.

Na koma kan turbon.

Akwai wata 'yar ƙofa a jikinsa da ke sakin hayaƙi idan iska ta yi yawa. Wata siririyar sanda ce take riƙe da ita, da noti a tsakiya. In aka gajarta sandar, ƙofar ba za ta buɗe da wuri ba, motar za ta yi gudu na ɗan lokaci, injin kuma ya dafa kansa.

Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da duk layinmu suke yi mini dariya a kanta. Duk notin da na gama ɗaurewa, sai na ja masa layi da jan farce, daga kan notin zuwa jikin ƙarfen, don kar in manta wanda na taɓa. Farcena bai taɓa ganin jan farce ba, amma babu injin da ya fita daga hannuna ba kwalliya.

Layin kan notin nan ya rabu biyu. Rabi yana nan, rabi ya zagaya can baya.

Wani ya taɓa mini aiki.

Ina nan tsaye Yaya ya shigo riƙe da hannun Baba, Dillali yana bayansu da makullin shago yana kaɗawa.

"Wa ya sa ki buɗe shi?" in ji Yaya.

Ban kalle shi ba. Na durƙusa gaban Baba, na sa masa fistin a tafin hannu.

"Baba, ka duba mini wannan."

"Da wane idon?"

"Da wanda ka koya mini aiki da shi."

Ya yi tsaki, amma yatsunsa sun riga sun fara tafiya. Ya shafa gefen, ya zagaya, ya sake zagayawa. Ya hau sama. Babban yatsansa ya faɗa cikin hujin, ya tsaya cak.

Ya ɗago kai.

"Wannan bai kama ba," ya ce. "Dafa shi aka yi."

"Baba, ai wani lokacin idan ramin..." Dillali ya fara.

"Kai, tun kana cikin tsumma nake zare fistin. Auta, sandar turbo fa?"

"An gajarta ta, Baba. Layin da na ja ya goce."

Baba ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin Yaya.

"Daga nan ina ka fara zuwa da motar?"

Yaya ya kalli Dillali. Dillali ya kalli rufi.

"Da kai nake."

"Shagonsa..." Muryar Yaya ta shige ciki. "Ya ce motar barci take yi, bari ya tashe ta. Ya ɗan juya wani noti, ya ce in hau babban titi in taka ta sosai in gani. Wallahi Baba ban san..."

"Kai ba ka sani ba. Ɗan bakanike, a gareji aka yaye ka, ba ka sani ba." Baba ya girgiza kai. "Shi fa? Shi ma bai sani ba?"

"Taimako na yi niyya," in ji Dillali. "Kuma ni dai Auta, ki sani, duk abin da na yi..."

Na miƙe. Na ɗauki fistin daga hannun Baba, na kama hannun farar rigar Dillali na ɗora masa, da mansa da komai.

"Ga tukuicin taimako. Ka ajiye a shago ka dinga nuna wa masu saye."

Ya fita yana kakkaɓe riga. Turarensa ma bai daɗe ba ya bi shi.

*

Da rana muka ɗora bulok ɗin a bayan akori-kura. Yaya ne ya tuƙa.

Ni na fara shiga. Malam Awo yana tsaye a kan injinsa, ƙarfe yana juyawa, ɓarɓashi yana zuba. Ya gan ni sarai, ya ci gaba da aikinsa.

"Sannu da aiki."

"Yawwa."

"Awonka daidai ne."

"Na sani."

Kai, mutumin nan da jan rai yake. Na matsa kusa har ina jin ɗumin injin.

"Masoyina... na yi kuskure. Na tambaye ka abin da bai kamata in tambaya ba. Ka yafe mini."

Ya kashe injin. Wurin ya yi tsit.

"Maganar Baba ba ta hana ni cin abinci ba," ya ce a hankali. "Taki ce ta hana ni."

Hawaye suka cika mini ido.

"To yanzu ka ci. Ni zan dafa."

"Ke? Wadda take auna gishiri da murfin lagireto?"

Na yi dariya ina kuka. Shi ma bakinsa ya motsa, ya danne.

"Na kawo bulok ɗin," na ce. "Za mu sake."

"Zuciyata, an hana ni tako ƙofarku."

"Na hana ka tako tawa," in ji wata murya daga bayana. "Ban hana kaina tako taka ba."

Baba ne a bakin ƙofa, hannunsa a kafaɗar Yaya. Malam Awo ya yi saurin jawo kujera, ya goge ta da rigarsa, ya durƙusa.

Baba ba ya cikin masu cewa yi haƙuri. Ya zauna, ya gyara hularsa, ya ce, "Na yanke hukunci ban taɓa ƙarfe ba. Ban taɓa yin haka ba sai a kanka. Tashi ka duba mana."

Suka shigo da bulok ɗin. Malam Awo ya haska fitila a rami na uku, ya zura ma'auni, ya juya, ya sake zurawa.

"Bai tsage ba," ya ce. "Amma narkakken ƙarfe ya ci bangon. Ba zan ƙara faɗaɗawa ba, babu naman da zan yanka. Sai dai in huda in saka masa sabuwar riga ta ƙarfe, in dawo da shi awon asali. Kuma duka huɗun zan yi wa, don kar ɗaya ya fi 'yan uwansa."

"Kiranki fa?" na tambaya.

"Gogewa kawai, ba yanka ba. Tof kuma a share fuskarsa kaɗan, zafi ya taɓa shi."

"Ni kuma ina son fistin masu jure wuta," na ce, "da babban lagireton da ke sanyaya iskar turbo, da sabon bututun mai. Tsohon ba zai koma ba ko an wanke shi."

"Na yarda da duka," in ji Malam Awo.

Baba yana ta gyaɗa kai. Can ya yi gyaran murya.

"Tunda za a sa mata fistin masu ƙarfi, a ɗora babban turbon nan. Ina son in ji ta tana tashi sama kafin in mutu."

Na kalli Malam Awo. Na ƙifta masa ido. Na taka masa ƙafa. Ka ce to, bawan Allah, ka ce to kawai, daga baya ma san yadda za mu yi...

"A'a, Baba."

Na rufe ido.

"Me ka ce?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Fistin zai jure, bulok ɗin ba zai jure ba. Zai yi maka daɗi na ɗan lokaci, sannan ya tsage, kuma in ya tsage babu mai ɗinke shi. In babban turbo za a sa, sai dai a kai wa wani aikin."

"Ka san abin da ke hannuna, ko?"

"Na sani." Ya ɗago ya dubi Baba. "Ita nake so fiye da komai. Amma ba zan yi maka ƙarya a kan motarka don ka ba ni 'yarka ba."

Baba ya miƙe, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Mu je," ya ce wa Yaya. A bakin ƙofa ya tsaya. "A yi yadda ya ce."

Suna fita na juya kan Malam Awo.

"Saura kaɗan ka kashe ni! Kalma ɗaya ce fa, to."

"Kin taka mini ƙafa da takalmin ƙarfe," in ji shi. "Ko ina son cewa to, zafi bai bar ni ba."

*

Wannan karon tare muka haɗa a garejinmu, ƙofa a buɗe, Baba a kan bencinsa yana sauraron kowane ƙara. Malam Awo yana aunawa, ni ina ɗaurewa. Yaya ne mai wankin kaya, ya wanke kowace hanyar mai da buroshi har hannunsa ya yi fari, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Wata rana yana miƙo mini ringin fistin ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Auta, mutumin naki... ba laifi." A bakin Yaya wannan waƙar yabo ce.

Ranar tayarwa na cika turbon da mai da hannuna, na juya injin ba wuta har mai ya zagaya ko'ina. Sannan na zauna, na ce bismillah, na murɗa makulli.

Ta yi tari ɗaya. Ta kama.

Muryar injin ta fito sumul, ba ƙwanƙwasa, ba hayaƙi. Na leƙo ina neman fuskar Baba.

"Tashi a tsaye ba tashi ba ne," ya ce. "Sai ta ga titi."

Haka muka yi ta lallaɓa ta a cikin unguwa kamar mai jego, ana canza mai, ana sake dubawa. Makullin kuwa a wuyana yake kwana. Sai da ringi suka zauna daram sannan na ce wa Baba ta shirya.

Ni na tuƙa. Yaya yana gefena, Baba da Malam Awo suna baya. Muka hau babban titi, hanya ta buɗe.

"Auta," in ji Baba. "Taka ta."

Na kalli madubi. Malam Awo ya ɗaga mini kai.

Na taka.

Turbon ya yi wani siririn fito, motar ta manna mu da kujera, ta miƙe kamar ba ita ce ta yi shekaru a ƙarƙashin tamfol ba. Allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Yaya ya buga gaban motar yana ihu. Baba ya sauke gilashi, iska ta cire masa hula, bai ma nema ba. Dariya yake yi, hawaye yana bin kumatunsa, irin dariyar da rabona da ji tun Mama tana raye.

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Da na sassauta, Baba ya lalubo gwiwar Malam Awo ya dafa.

"Yaro, manyan naka suna da nisa?"

"A'a Baba, bayan babbar gada ne."

"Auta, sha kwana."

"Baba..." Malam Awo ya rikice. "Ai su ya kamata su zo wurinka. Ban ma gaya musu ba, ko shiri ba su yi ba..."

"Za su zo, wannan dole ne, ba a ɗaukar mini 'ya a arha. Ni yau ba maganar aure ce ta kai ni ba." Ya gyara zama, ya jingina da kujera. "So nake su fito ƙofar gida su ga motar da surukina ya gyara."

Malam Awo ya sunkuyar da kai yana goge ido da bakin rigarsa.

"Ke, ki kalli titi," in ji Yaya. "Madubin nan ba talabijin ba ne."

Na kunna sigina, na karya kan motar zuwa gada.